4.3 Sarki a Matsayin Mai Tsaron Iyaka a Waƙoƙin Fadar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

A sashen da ya gabata an duba turken yabo a dunƙule. A wannan sashe kuwa za a tsaya ne a kan tubali guda ɗaya daga cikin tubalan da makaɗan fada na wannan yanki suke gina yabo da su, wato nuna sarki a matsayin garkuwar ƙasa, mai tsare bakin iyaka. An bi kalmomin nazari na Gusau (1993), kamar turke da gindin waƙa da ɗiyan waƙa. Tun da an riga an kawo matanin ɗiyan a babi na uku, ba za a sake maimaita su a nan ba. Abin da ake son a nuna shi ne, makaɗan abin dogara ne wajen adana laƙabi da nasaba da alamomin sarauta, amma jaruntakar da suke rataya wa iyayen gidansu ta aro ce daga kakanni, sannan kuma sun yi gum da bakinsu a kan wanda yake ɗaukar nauyin wannan daraja.

4.3.1 Ƙasar da Waƙoƙin Suka Tashi

Ba za a fahimci dalilin da ya sa maganar tsaro ta cika waƙoƙin wannan yanki ba sai an waiwayi inda garuruwan suke. Bayan Gobirawa a ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1762, sun zauna a Alƙalawa, arewacin Zamfara bai sake samun mai shi guda ɗaya ba. Nadama (1977) ya yi bayanin wannan rushewa filla-filla. Da jihadi ya zo, Fulani Alibawa na Zurmi suna daga cikin waɗanda suka amsa kira da wuri. Abu Hamidu ya karɓi tuta, shi kuwa Muhammadu Namoda ya yi suna a fagen fama. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta karya Azbinawa da abokan ƙawancensu a Fafara, kusa da Zurmi, a shekarar 1806, a lokacin da jama'ar Shehu ba su gama farfaɗowa daga asarar da aka yi a Alwasa ba. Yana kuma cikin shugabannin yaƙin da suka ci Alƙalawa a 1808. Ya rasu wajen 1810 a yaƙin Kiyawa.

Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen tashin hankali ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma bayan karon Gawakuke na 1836 suka sake haɗa kansu a Tsibiri. Daga waɗannan wurare biyu ake kawo hari kudu har ƙarshen ƙarni na 19, hanya kuwa takan ratsa ta ƙasashen Isa da Shinkafi da Zurmi. Wannan ne ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki manufar kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a cikinsu, kamar yadda Last (1967) ya nuna. Abubuwa biyu sun isa su nuna nauyin wannan yanki. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu ne a Katuru, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, a 1842, a kan hanyar komowa daga yaƙin Tsibiri, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Katuru. Haka kuma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a Ƙaura Namoda a 1891, yana bakin fita yaƙi.

Ke nan a ƙarni na 19, idan aka kira mai Zurmi ko mai Ƙaura da sunan ganuwa, ba adon magana kaɗai aka yi ba. Aikinsa ne aka faɗa. Idan ya yi sakaci, masu noma a bayan gari ne za a kwashe.

4.3.2 Laƙabi da Take da Tambari

Inda makaɗan suka fi cancantar yabo shi ne wajen riƙe alamomin da suke bambanta wannan gida da wancan. Laƙaban sarautun yankin su kansu tarihi ne a dunƙule. Ana kiran mai Zurmi Sarkin Zamfara, alhali zuriyar tsofaffin sarakunan Zamfara tana Anka, ita ma tana riƙe da wannan laƙabi. Ana kiran mai Isa Sarkin Gobir, alhali gidan na jikokin Muhammadu Bello ne, su kuwa Gobirawa suna da nasu Sarkin Gobir a Sabon Birni da kuma Tsibiri. Ana kiran mai Ƙaura Sarkin Kiyawa, da sunan garin da Namoda ya kwanta dama wajen yaƙinsa. A dukkan ukun, laƙabin yana ɗauke da sunan ƙasar da aka ci ko ake da'awar an ci. Mutum ne ya ɗaura sunan abokin gabansa a ka kamar rawani. Saboda haka duk lokacin da jagora ya ambaci laƙabin, 'yan amshi suka karɓa, an sake jaddada wata tsohuwar da'awa, ko da mai sauraro bai lura ba.

Bayan laƙabi akwai take, wanda ake gane shi ko ba a furta kalma ba. Mutumin gari yana daga cikin gidansa zai ji kiɗa ya san wane ne ya hau. Akwai tambura, da kakaki a inda aka yarje, da tuta, da alkyabba, da rawani mai kunne biyu, da kuma sandar da Turawa suka shigo da ita daga baya. Ba kowa yake da ikon amfani da kowanne ba. Makaɗin fada shi ne mai gadin wannan iyaka, domin shi ne ya san wanda ake haɗa wa suna da wane kaka, da wanda ba a haɗa masa. Kalmomi irin su "jikan" da "na" da "uban" da "gidan" da suka cika ɗiyan waƙoƙin ba cikon layi ba ne. Da su ake jera mutum a mazauninsa: wane ne ya haife shi, waɗanne fadawa ne nasa, wane ne yake ƙarƙashinsa.

Abin sha'awa ne a lura cewa kalmar tambari a Hausar yau ta ɗauki ma'ana biyu, ganga ta sarauta da kuma alamar da ake bugawa a takarda. Wannan ya sa kwatanci da wata ƙasa zai yi amfani a nan. A Ingila ta zamanin Sarki Henri na Takwas (1509–1547), manyan gidaje suna da alamomin da ake zanawa a garkuwa da tuta da hatimi. Daga shekarar 1530 sarki ya riƙa aika jami'ai na musamman gunduma-gunduma su binciki nasabar masu alamomin, su rubuta ta a littafi, wanda kuwa aka samu ya ɗauki alama ba da cancanta ba a soke ta a bainar jama'a. Abin da waɗancan suke yi da alƙalami shi makaɗin kotso ko taushi yake yi da baki. Zambon da yake yi wa ɗan sarkin da yake hanƙoron abin da bai kai ba, soke alama ne a bainar jama'a. Bambancin kawai shi ne, jami'in Ingila yana amsa wa hukumar da take bisa gidajen duka, shi kuwa makaɗi yana cin tuwon gidan da yake tantance nasabarsa.

Wannan bambanci yana da sakamako. Nasabar da take cikin waƙa gaskiya ce, amma tatacciya ce. Ana ambaton kakan da ya kai ga ubangida kai tsaye, a tsallake reshen gidan da ake takara da shi, a kuma tsallake sarkin da aka tuɓe. Manazarcin da ya ɗauki jerin sunayen cikin waƙa a matsayin cikakken jerin sarakunan gari zai yi kuskure, ko da yake babu suna ɗaya na ƙarya a ciki.

4.3.3 Jaruntakar Aro

Matsalar da ta fi girma ita ce ta lokaci. Waƙoƙin da aka naɗa a faifai da kaset, waɗanda su ne wannan nazari ya dogara a kansu, duk na ƙarni na 20 ne. Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda waƙoƙinsa suka game ƙasar Shinkafi da Badarawa, ya rasu ne a farkon shekarun 1960. Sa'idu Faru, wanda ya waƙe Sarkin Kiyawa da Sarkin Zamfaran Zurmi, ya zo bayansa. Babu ɗaya daga cikin iyayen gidan waɗannan makaɗa da ya taɓa jan runduna zuwa Tsibiri ko Maraɗi. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa duwatsun iyaka, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa ɓangaren Faransa. Daga nan tsaron iyaka ya fita daga hannun masu garuruwa. A cikin shekarun 1910 aka tsara baitulmali, aka mayar da su hakimai masu albashi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, garin ribaɗi ya koma tashar gyaɗa da auduga.

Duk da haka, hoton bai sauya ba. Sarki yana nan giwa, yana nan zaki, yana nan dutse da ganuwa da gulbin da ba a ƙetarewa. A fannin salo, wannan dabbantarwa ce da abuntarwa da kambamawa, kuma an yi su da gwaninta. Sai dai tambayar da ya kamata a yi ita ce, yaya makaɗi yake yi har mai sauraro ya karɓi hoton mayaƙi a jikin mutumin da aikinsa na yau da kullum shi ne tara haraji da jangali da rakiyar Baturen rangadi?

An lura da dabaru biyu. Ta farko ita ce narkar da jika a cikin kaka. Makaɗi yakan fara ɗan waƙa da ambaton kaka da abin da ya aikata, sa'an nan kafin a kai ga gindin waƙa wakilin suna ya zame ya koma kan mai sarauta na yanzu, ba tare da an sanar da mai sauraro inda aka yi canjin ba. Da yake kiɗa yana tafiya, 'yan amshi suna karɓa, kunne ba ya tsayawa ya tambayi wane ne "shi". Ta haka nasarar Fafara ko ta Alƙalawa take zama rigar gado da kowane magaji yake sawa. Dabara ta biyu ita ce sauya abokin gaba. Kalmomin da aka gada daga zamanin yaƙi, kamar arna da maza da magabta, suna nan a bakin makaɗi, amma idan aka bi ɗiyan a tsanake za a ga waɗanda ake nufi ba su zo daga arewa a kan dawaki ba. 'Yan'uwan sarki ne masu jiran gado, da fadawan da ake zargi da kai tsegumi gaba, da hakimin maƙwabta. Iyakar da ake tsarewa ta tashi daga bakin daji ta dawo zauren fada.

Waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge misali ce mai kyau ta wannan sauyi. Doki shi ne ƙashin bayan tsaron ribaɗi, da shi ake bin sawun mahara. Amma dokin da ya sami shahararriyar waƙa a wannan yanki a ƙarni na 20 dokin sukuwa ne. Ya yi fice ne a fagen tsere, kuma abokan karawarsa dawakin wasu sarakuna ne. Makaɗin bai ɓoye haka ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa waƙar ta fi wasu gaskiya. Ta nuna inda ƙarfin sarauta ya koma bayan an karɓe takobi.

A ganin wannan nazari, bai dace a kira wannan aro ƙarya ba, domin masu sauraro na farko sun san ubangidan makaɗi bai je yaƙi ba. Akwai tsofaffi a cikinsu da suka ga zamanin hari da idonsu. Abin da waƙar take faɗa musu shi ne, gidan da ya tsare ku jiya shi ne yake da haƙƙin mulkinku yau. Hujja ce ta cancanta. Kuskuren yana wajen mai nazarin da yake zuwa daga baya ya ce waƙoƙin fada madubi ne na tarihi, ya tsaya a nan. Madubi ne, amma an karkata shi ya fuskanci ƙarni na 19, alhali mai riƙe da shi yana tsaye a zamanin En'e.

4.3.4 Bashin da Ake Faɗa da Wanda Ba A Faɗa

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Fada ma ba ta tsira ba. A Ingila, yaƙe-yaƙen da Henri na Takwas ya yi da Faransa da Sikotilan a shekarun 1540 sun bar wa magadansa bashi mai nauyi, har aka rage azurfar da take cikin kuɗin ƙasar daga 1544, kuma an san haka ne domin an rubuta. A nan kuwa, mai neman sanin abin da darajar sarauta take ci idan ya je ga waƙa zai tarar da rabin lissafi ne kawai.

Rabin da ake faɗa shi ne na makaɗi. Da wuya a sami waƙar fada da ba ta jera kyauta ba: doki da kayansa, riga da rawani, dame na hatsi, kuɗi, daga baya har mota. A zahiri godiya ce, yaba kyauta tukuici. Amma jeren yana yin wani aiki na biyu. Idan aka faɗi abin da wane ya bayar a gaban taro, an ɗora wa na kusa da shi nauyi. Idan aka ambaci abin da kaka ya saba bayarwa, an yanka wa jika farashi. Idan kuma aka yi alkawari ba a cika ba, makaɗi yana da hanyar tuni, ya fara da roƙo mai laushi, in ba a ji ba ya koma habaici. Alkawari kaya ne, makaɗi kuwa shi kaɗai ne mai bin sarki bashi da yake iya tambayarsa a gaban jama'a, da kiɗa, a kuma yi dariya. Wannan yana nuna dangantakar ba ta bara ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka. Ciniki ne, suna a bakin dukiya.

Rabin da ba a faɗa shi ne inda dukiyar take fitowa. Albashin hakimi sananne ne, kuma bai isa ya ɗauki dawaki da fadawa da baƙi da makaɗa da gaisuwar da ake kaiwa gaba ba. Giɓin yakan cike ne daga gandun sarki da ake nomawa da gayya, da gaisuwar talakawa, da rance daga attajirai, wani lokaci kuma daga kuɗin haraji, abin da ya jawo tuɓe hakimai da dama a Arewa a zamanin Turawa. Ba sabon kuka ba ne. Littafin Kitabul Farƙi da ake jingina wa Shehu Usmanu ya lissafa jangali da gaisuwa da kamuwa a cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su, ya kuma soki shagala da kaɗe-kaɗe. Abin lura shi ne, gidajen da suka samo asalinsu daga tutar Shehu su ne suka wayi gari da makaɗan da suke yabon su da yawan kyauta, ba tare da an tambayi tushenta ba. A cikin ɗiyan da aka nazarta, talaka yana fitowa ne a matsayin wanda ya ji daɗi, ko wanda yake addu'a, ko dukiyar da sarki ya gada. Ba ya fitowa a matsayin wanda ya biya.

Akwai kuma bashi na uku, wanda shi ne ya haɗa wannan magana da ta tsaro. A tsarin ribaɗi, abin da manomi yake bayarwa yana da abin da yake saya: ganuwa da ƙofa da mahayan da za su fita idan an yi kururuwa. Da Turawa suka karɓe yaƙi, karɓar haraji ta ci gaba, amma abin da ake bayarwa a madadinsa ya koma hannun wasu. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 an ɗaga darajar sarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, alamomi suka ƙaru, iko bai dawo ba. Waƙa kuwa, wadda rediyo da kaset, daga baya kuma wayar hannu, suka tsawaita mata rai, tana nan tana shaida wa jama'a cewa mai gari shi ne garkuwarsu.

Nauyin wannan alkawari ya fito fili tun daga shekarun 2010, lokacin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi uku, ta dazuzzukan da mahara na da suke bi. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. A 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ba aikin wannan nazari ba ne ya yanke hukunci a kan zargin. Abin da ya shafe shi shi ne, mutumin da aka kora daga ƙauyensa ƙofar fada yakan fara nufa da kukansa, wurin wanda ba shi da soja ko ɗan sanda ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Dalilan haka suna da yawa, amma tsohon hoton da makaɗa suka raya yana cikinsu.

Ba za a ɗora wa Narambaɗa ko Sa'idu Faru laifin abin da ya faru bayan ransu ba, kuma ba a sa ran makaɗin da yake zaune a inuwar sarki ya tashi ya karanta masa lissafin talakawa. Sai dai akwai wuraren da ƙorafi yakan leƙo ko a bakin makaɗin fada, musamman idan ya juya kan dagacin da ya matsa wa mutanensa, ko bafaden da ya tare kyauta a hanya, ko alƙalin da ake shakkar hukuncinsa. Waɗannan ba sa zuwa a cikin yabo. Suna zuwa ne a cikin zambo da habaici, waɗanda sashe na 4.4 zai duba.